Launin Kurciya Bai Hau Bango Ba

Baiwar Allah da ta rubuto min cewa mace mai hankali ba ta tayar da jijiyar wuya a kan fenti, na ga saƙonki, na kuma gode. Gyara zama. Ni kaina da wata ce ta shigo shago ta ba ni labarin nan ina kan keken ɗinki, da cewa zan yi ta je ta nemi abin yi. Amma tunda a kaina ya faɗo, bari in warware muku shi tun daga bakin zare, da masu bina tun farko da waɗanda yau suka leƙo, sai ku yi min alƙalanci.

Ɗinkin labule ne sana'ata. A shagon uwar ɗakina nake, ita ke tarbar baƙi, ni ke awo da yanka da zaɓen yadi. Mutum zai shigo da hoton falonsa a waya ya ce yana son labulen da zai shiga da bangon, in ce masa hoto maƙaryaci ne, ya kawo min katin fentin ko ya kai ni in gani da idona. Shekara da shekaru ina wannan har ido ya saba. Ajiye min fari biyu, zan gaya maka wanne ne aka ɗiga wa rawaya. Shi ya sa Yaya, babban wanmu, yake ce min Idon Mikiya, wata rana yabo, wata rana tsiya.

A gida kuwa ba idona ake kallo ba, shekaruna ake kallo. Sun doshi talatin, ƙannena mata suna ɗakunansu, ni ina nan ina ɗinka wa amare labule. Umma ba ta faɗa, ajiyar zuciya take yi, irin wadda gara a zage ka ka huta. In an kawo katin biki sai ta manna shi a ƙofar firij, inda dole in gani in zan sha ruwa. Baba shi ba mai yawan magana ba ne, ya ce komai da lokacinsa, ya koma kan rediyonsa.

To ana cikin haka Yaya ya zo da abokin aikinsa. Dogo ne, mai sanyin murya, kullum farar riga a goge, da turaren da sai ya wuce za ka ji. Mai Agogo muke ce masa a gida, don in ya ce bayan la'asar to bayan la'asar ɗin ce, kuma ba ya zama sai ya duba tsintsiyar hannunsa. Ba zan yi muku ƙarya ba, na so shi. Ba don Umma ba, ba don katunan firij ba, son gaske. Sau ɗaya na taɓa tambayarsa yadda aka yi mutum irinsa ya kai yanzu bai ajiye iyali ba, ya yi murmushi ya ce ni yake jira. Na sunkuyar da kai ina jin daɗi kamar wata sakarya. Baba ya sa Yaya ya bincika masa mutumin, Yaya ya ce shekara nawa suna ofis ɗaya, da akwai abin faɗa da ya faɗa. Aka tsayar da ranar aure.

Gidan da za mu zauna a bene yake, falo da ɗakuna biyu. Mai Agogo ya ce min tun da ya same shi a rufe yake, shi a wurin mahaifiyarsa yake kwana, sai an yi fenti kawai a zuba kaya. Wata ranar da ya zo zance, ina sanye da doguwar riga ruwan ƙasa da mayafina mai bakin leshi, ya zaro katin fenti uku daga aljihu ya jera a hannun kujera, ya ce:

"Gidanki ne. Ki zaɓa."

'Yan uwana mata, kun san abin da wannan maganar ke yi wa zuciya. Ni da nake shiga gidajen mutane ina ganin amarya ta tarar da bango ruwan lemo ba wanda ya tambaye ta, yau ga namiji ya ajiye min zaɓi a gabana. Sai da na ji ƙwalla.

Abin da ya ɗan ɗaure min kai, duk ukun shuɗi ne mai ruwan toka, kusan uwa ɗaya uba ɗaya. Na ce ni da ruwan madara nake so, ko wani abu mai haske. Ya ce wannan launin shi ke kwantar masa da hankali in ya dawo daga aiki, in taimaka in zauna a cikin ukun. Na ce ba komai, aure ai haƙuri da juna ne. Sunayen da ke bayan katin dogaye ne ba sa zama a baki, sai na raɗa musu nawa. Mai duhun na ce masa Hadari. Na tsakiyar, wanda tokarsa ta fi yawa, Hayaƙi. Mai hasken, wanda in rana ta taɓa shi sai ka ga wani ɗumi-ɗumi a ƙasan shuɗin, shi ne Kurciya.

Na ɗauki abin nan da gaske, wallahi. Na manna katunan a bangon ɗakina. In na tashi da safe in duba, in na dawo cin abincin rana in duba, in an kunna fitila in sake dubawa, don irin wannan launin munafuki ne, da safe daban, da yamma daban. Hadari in rana ta yi sanyi sai ya danne ɗaki. Hayaƙi a ƙarƙashin ƙwan lantarki komawa yake kamar bangon asibiti. Kurciya kaɗai ke riƙe mutuncinsa safe da yamma. Har shago na kai su ina kara su da yadi, uwar ɗakina tana min dariya wai ko zaɓen mijin ban sha wahala haka ba. Da na sani da na saurare ta.

Na tura masa saƙo: "Kurciya."

Ya amsa nan take: "Kin duba Hadari da kyau kuwa? Ni kamar ya fi."

Na rubuta: "Na duba shi har ya gaji da ni. Kurciya."

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina kallon ɗigon nan suna rawa a fuskar waya. Can sai ga shi: "An gama, ranki ya daɗe." Har da hoton zuciya.

Daga nan na shiga ɗinkin labulen gidana. Na samo yadi mai nauyi ruwan azurfa, da wani siririn zare a saƙarsa wanda ya yi daidai da Kurciya kamar tare aka haife su. In mun tashi daga aiki sai in tsaya in yi awa guda a kansa. Ninkin saman da hannu na kama shi, ban yarda keke ya taɓa ba. Duk labulen da na ɗinka wa mutane a rayuwata babu wanda na zuba wa rai irin wannan.

Da ya ce an gama fenti, shi da Yaya suka ɗauke ni bayan an tashi daga aiki, rana ta riga ta faɗi. Ya buɗe ƙofa ya kunna fitila, ƙwai ɗaya mai rawaya a tsakiyar falo. Na tsaya na dubi bangon. Na ce kamar ya fi Kurciya duhu. Ya ce fitila ce. Na ce kuma ban ji warin fenti ba. Ya ce na zamani ne mara wari, kuma an bar tagogi a buɗe. Na nufi hanyar ɗakuna, Yaya ya tare ni da wasa, wai Idon Mikiya ta fara, in bar bawan Allah ya sarara, fitilun ciki ma ba a sa musu ƙwai ba. Suka yi dariya, ni ma na yi, don kar in zama mai ɓata taro.

A gida na gaya wa Umma launin nan ba shi na zaɓa ba. Ta ajiye cokalin hannunta ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce shuɗi shuɗi ne, wace irin fitina ce wannan, ko so nake in kore shi kamar yadda na kori manema na baya? Ta ce keken nan da kallon zare sun fara cinye min ido, in je a auna min tabarau. Maganar ta zauna min a rai. Washegari a shago na kara yadi biyu, na kasa yanke hukunci, na kira uwar ɗakina ta duba min. Ta dube ni da mamaki, don ban taɓa yi ba. Ni da idona ne jarina, sai ga shi ina shakkar sa. Wannan ne abin da har yau in na tuna nake jin zafi a ƙirji.

Sau biyu na roƙi a kai ni da rana. Mai Agogo ya ce aiki, Yaya ya ce aiki. Makullin gidan na biyu kuwa yana wurin Yaya saboda masu kawo kujeru, yana rataye shi a ƙusar bayan ƙofar falonmu. Ranar hutuna da safe, bayan Yaya ya fita, na sa abayata baƙa, na naɗe labule a babbar jaka da tef ɗin awo, na zare makullin. Na ce wa Umma kasuwar yadi za ni. A raina cewa nake zan rataya labule ya zo ya gani ya ji daɗi, in idona ne ya lalace kuma in sani.

Tagar falon gabas take kallo. Ina buɗe ƙofa na tarar rana ta shigo ta kwanta a bango a karkace. Ban ko cire takalmi ba na zaro gefen labulen na kara. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Zaren da na zaɓa saboda Kurciya ya tsaya shi kaɗai kamar baƙo a gidan biki. Ba Kurciya ba ne. Na zaro katunan daga jaka na kara ɗaya bayan ɗaya. Ba Hayaƙi ba ne. Hadari ya yi kusa, kusa ƙwarai, amma shi ma ba shi ba ne. Bangon ya fi shi ɗigon kore, kuma ya koɗe irin koɗewar da sai shekaru ke yi.

Sai na ja baya na dubi bangon gaba ɗaya. A sama, daidai tsayin kai, ga wurare masu kusurwa huɗu da suka fi sauran bangon kauri, babba a tsakiya, ƙanana a gefe. Duk mai shiga gidajen mutane ya san wannan, inda hotuna suka daɗe a rataye ne rana ba ta ci ba. An toshe ramukan ƙusa an ɗiɗɗiga musu sabon fenti. Sabon yana ɗan ƙyalli, tsohon ba ya yi. Da fitilar dare ba za ka taɓa gani ba, amma hasken safe ya tona su ɗaya bayan ɗaya kamar faci a tsohon zane.

Na bi hanyar ɗakuna. Can facin ba a sama suke ba, a ƙasa suke, daidai gwiwata, jere tun daga falo har ƙofar ƙaramin ɗaki. Na tsaya ina tunanin me ke ɓata bango a tsayin gwiwa. Kaya? Kujera? Na shiga ƙaramin ɗakin na tura ƙofa ta rufe, sai ga amsar a bayan ƙofar, inda mai fentin ya manta bai leƙa ba. Zane ne da jan fensir mai launi. Mutane uku, kawuna kamar ƙwallo, ƙafafu kamar tsinke. Dogo ɗaya, matsakaiciya ɗaya da ɗankwali, da 'yar ƙarama a tsakiya ta riƙe hannuwansu. A hannun dogon an zana wata da'ira babba. Agogo.

Na zauna a ƙasa. Ban san tsawon zaman da na yi ba.

Da na iya tashi na shiga kicin neman ruwa, na buɗe ƙaramin sito. Ga gwangwanaye uku ƙanana, irin na gwaji, da burushi a kai. Na Hadari an ƙwaƙule shi tas. Na Hayaƙi an buɗe an tsoma sau ɗaya an rufe. Na Kurciya ko ledar bakinsa ba a yage ba. A nan biri ya yi kama da mutum. Ba zaɓi aka ba ni ba. An nemo launuka uku da suka fi kusa da abin da ke bangon tun asali, don duk wanda na nuna a ce min shi ne. Ni ina can ina tashi da safe ina kallon kati, ashe bangon ya daɗe da bushewa.

Na ɗauki hoton zanen bayan ƙofa na tura masa, ban rubuta komai ba. Ya kira, ban ɗauka ba. Ya sake kira. Sai saƙo: "Kina ina?" Na rubuta: "Gidana. In gidana ne."

Mutumin da ba ya gudu, ranar na ji shi yana haɗa matakala bibbiyu. Ya shigo farar rigarsa ta jiƙe a baya. Ya same ni a tsakiyar falo, labule a ƙasa, gwangwanin Kurciya a hannuna. Ya buɗe baki, na ce kar ya fara da fitila, yau babu fitila.

Sai ya jingina da ƙofa ya faɗa. Ya taɓa aure. A gidan nan suka zauna, suna da 'ya mace. Zama ya ƙi, suka rabu, ta tafi da yarinyar garinsu mai nisa, ta ma yi wani auren. Launin ita ta haɗa shi da kanta a shagon fenti lokacin tana da ciki, shagon ma ya tashi, ba a samun irinsa. Ya ce ya kira mai fenti da niyyar a shafe komai da Kurciya, Allah shi ne shaida, amma da mutumin ya ɗaga rola sai ya ce ya dakata. Aka sake sa rana, ya sake cewa a dakata. Ƙarshe ya ce a rufe tabo kawai. Yana maganar yana kallon bangon, ba ni ba.

Na ce me ya hana ya gaya min tun ranar da na tambaye shi. Ya ce ya so ya faɗa. Yaya ne ya ce ya bari sai bayan an ɗaura, wai ina da zafin kai, in na ji zan watsa komai, in kuwa na shiga zan haƙura. Ya ce Yaya har asibiti ya raka shi ranar da aka haifi yarinyar.

Da ɗan gari akan ci gari. Wana, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda Baba ya aika ya duba min.

Ku ji ni da kyau, don na san wasu za su ce to mene ne, don ya taɓa aure? Ba komai ba ne. Da ya zaunar da ni ya ce ga yadda take, ina da 'ya, wallahi da ni zan ɗinka wa ɗakinta labule mai furanni. Abin da ya ci min rai, sun tsaya su biyu a falon nan ina faɗin gaskiya suna dariya. Sun bar ni na je ina tunanin tabarau.

Duk da haka zuciya ba ta da kunya, ta so ta ba shi hanya. Na ce a raina bari in gwada shi sau ɗaya. Na yage ledar gwangwanin, na ɓalle murfin da makullin gidan, na tsoma burushi. Na ce masa abin da ya wuce ya wuce, tunda ya ce gidana ne, yau za a fara. Na ɗaga hannu na ja layi ɗaya a tsakiyar babban bangon, daidai inda babban hoton ya taɓa zama.

Ban kai ƙarshen layin ba na ji ya damƙe min tsintsiyar hannu. Mutumin da bai taɓa ko gogar mayafina ba. Burushin ya murɗe, fenti ya zubo a hannuna da nasa da hannun abayata.

"Don Allah," ya ce. "Ba wannan bangon ba."

Na dube shi. Na ce, "To wanne?"

Ya saki hannuna. Ya juya ya dubi bangon taga, ya dubi na hanyar ɗakuna, ya dubi na bayan ƙofa. Ina tsaye ina jira, fenti na ɗiga daga gwiwar hannuna. Ya zagaye falon nan da ido har ya dawo kaina, bai nuna ko ɗaya ba. Sai ya zaro hankici daga aljihu. Na ɗauka hannuna zai miƙo wa. Bango ya nufa, ya shiga goge layin kafin ya bushe.

Na naɗe labulena na mayar jaka, na ajiye masa makullin a bakin taga na fito. Yana kiran sunana daga sama, amma bai biyo ni ba, layin bai gama fita ba.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Na tarar da Yaya ya baro ofis yana tsakar falo yana kai da komo, Umma na zaune a bakin kujera da carbi. Yaya ya fara da faɗa, wai wa ya ba ni izinin ɗaukar makulli. Na ce masa makulli ne damuwarsa? Ya ce don ni ya yi, mutumin kirki ne, irinsa ba a samu kullum, kuma ya san halina. Na ce ya san halina amma ya manta sunan da shi da kansa ya raɗa min.

Na juya wurin Umma, don ita nake jira ta tashi ta tsaya min. Na ce, "Umma, kin ji abin da ɗanki ya yi min?"

Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da jan carbinta, ta ce a hankali, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A nan na gane. Ranar da ta ce in je a auna min tabarau, ta sani. Wannan ya fi na Mai Agogo ciwo, ya fi na Yaya. Na dafa firij, hannuna ya sauka a kan katin aurena da ta manna a jerin sauran.

Ta taso ta kama mayafina tana magana ƙasa-ƙasa. Ta ce in rufa mata asiri, an raba kati, 'yan uwa sun yi ɗinki. Ta ce Baba bai sani ba, kuma in ya ji an ɓoye masa ba aurena kaɗai zai taɓu ba, Yaya ba zai ƙara shiga gidan nan da daɗi ba, ita ma ba ta san inda za ta sa kanta ba. Ta ce fenti ne fa kawai, 'yar nan, in an shiga sai a sake. Yaya ya ɗaga wayarsa ya ce ga shi ma mutumin ya turo, ya ce zai sayi Kurciya bokiti-bokiti gobe-goben nan. Na ce ya tambaye shi wane bango.

Wayata ita ma tana ta kuka a jaka. Na duba sau ɗaya. "Ki yafe min. Ki ba ni lokaci." Mai Agogo ne ke neman lokaci.

Na nufi famfo in wanke hannu, na tsaya. Fentin ya riga ya bushe. Ga shatin yatsunsa huɗu a tsintsiyar hannuna, launin Kurciya sak, mai ɗumin nan da na so. Duk wahalar da na sha, nan kaɗai ya samu wurin zama. Na rufe famfon ban wanke ba.

Muna haka muka ji sallamar Baba ya dawo daga masallaci. Umma ta saki mayafina ta koma kujera, Yaya ya sa waya a aljihu ya gyara fuska. Baba ya shigo da rediyonsa a hannu, ya zauna a kujerarsa ta kullum, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Na durƙusa na gaishe shi. Idonsa ya sauka a hannuna, ya yi murmushi irin nasa na mutumin da bai san komai ba.

"Uwata, har da ke a aikin? An gama fentin ke nan?"

Umma ta kafe ni da ido, leɓenta na motsi ba sauti. Yaya ya girgiza min kai kaɗan. Na san in na ce eh, kowa a falon nan zai yi barci da daɗi sai ni, kuma haka zan ci gaba da cewa eh a ƙarƙashin bangon wata har in tsufa.

Na gyara durƙuso, na miƙa hannun gabansa yadda zai ga shatin yatsun da kyau.

"Ba a taɓa farawa ba, Baba."

Ya dubi hannun, ya dubi Umma, ya dubi Yaya. Murmushin ya tafi a hankali. Ya sa yatsa ya kashe rediyon, ya ce Yaya ya rufe ƙofa.